Ranar Da Na Ɗinke Hannun Rigata Da Lafayar Hajiya Batul

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina riƙe da shagon ɗinkinmu a unguwar Hajj Yusuf, ba zan taɓa mantawa da Talatar da Hajiya Batul ta kawo mana aiki ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Shagon na gado ne, mu shida muke aiki a ciki, ni ne babba. A shekarar na sayo sabon keken surfani mai aiki da lantarki, na kuma tura ɗaya daga cikin ma'aikatana, Sa'adatu, ta yi mako uku a birnin Umdurman tana koyon yadda ake sarrafa shi. Kullum sai ta hau mota biyu ta tsallake kogi, ta dawo da yamma a gajiye. Ni kuwa duk wanda ya zauna kusa da ni a masallaci sai ya ji labarin cewa ina ilimantar da ma'aikatana (har limami bai tsira ba).

Da ta dawo da takardar shaidarta, na sa aka yi mata firam aka rataye a bango, sannan na mayar da ita kan aikinta na da, wato sa maɓallai. Keken kuwa na lulluɓe shi da zane na hana kowa taɓawa. Tsoro nake ji kada a lalata shi, kuma in faɗi gaskiya, raina bai so a ce akwai abin da wani ya iya a shagon ubana wanda ni ban iya ba. Sau uku tana roƙona in ba ta ragowar ƙyallaye ta riƙa gwadawa kada hannunta ya manta, sau uku ina ce mata sai aiki ya yi sauƙi. Wata biyu aka yi a haka. Daga ƙarshe ta gaya mini cikin ladabi cewa wani shago a Umdurman yana nemanta, in wata ya ƙare ba ta fara aiki da keken ba, za ta tafi.

Ana cikin haka Hajiya Batul ta zo. Ƙawar mahaifiyata ce, tana da rumfar tufafin mata a Kasuwar Libiya da ke can Umdurman, kuma ta san ni tun ina yawo ba wando. Ta shigo mun gama karin kumallo ke nan, ta ciro farar lafaya daga jaka, ta ce ta ji ina ta cika baki da sabon keke, a zana mata fure ɗaya a gefe ta gani. In ya yi mata, duk aikin rumfarta namu ne.

Mai hankali zai kira Sa'adatu, wadda ke zaune can da gwangwanin maɓallai a cinya. Ni sai na ce a raina, shekara ashirin ina taka keke, wane keke ne zai gagare ni? Na yaye zanen, na gyara zama cikin sabuwar jallabiyata mai faɗin hannu, na shimfiɗa lafayar, na danna abin da na ga ya fi kama da na farawa.

Keken ya ɗauka da gudun da ban taɓa gani ba. Na kai hannu in daidaita yadin, bakin hannun rigata ya shige ƙarƙashin allura. Kafin in ce wani abu ya yi mini rabin fure jajawur, ya haɗe ni da lafayar Hajiya. Na laluba ko'ina ban san inda ake tsayar da shi ba, ina ta taka ƙasa da ƙafa ina neman abin takawar da babu shi. Sa'adatu ce ta taso ba gaggawa, ta sa yatsa ɗaya ta kashe.

Ta duba ɗinkin ta kira ni da sunan da ake kiran maigidan sana'a, ta ce, "Usta, ɗaya za a yanka. Rigar ko lafayar?"

Aka yanke hannun rigar daga gwiwa. Ma'aikatana duk suka sunkuyar da kai kan aikinsu, amma ina ganin kafaɗunsu suna rawa. Hajiya Batul ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ya waladi, ɗana, wa ka tura koyon nan, kai ko ita? Tashi ka ba yarinya wuri."

Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan, ashe babbar tana gaba. Sa'adatu ta zauna, ta tsaya tana tunanin wane zare ke bi ta ina. Furen da ta yi ya fito a karkace. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika da hawaye. Wannan kallon ya fi yankan rigar yi mini ciwo, don na san wata biyun da na hana ta gwaji ne suka karkata furen.

Na gaya wa Hajiya gaskiya a gaban kowa, cewa laifina ne. Ta ce halas, shi ke nan, ta ba mu mako guda. A makon nan kowace safiya keken na Sa'adatu ne har azahar, na juye mata buhun ƙyallaye, na ce ta ɓata iya son ranta. Ta ɓata da yawa kuwa, ni ina gefe ina haɗiyar magana. Ranar Talata ta ɗauki lafayar da kanta ta kai Kasuwar Libiya, ta dawo da ƙunshin aikin da da ƙyar rakasha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta ɗauko shi. Wata ya ƙare ba ta sake tayar da zancen tafiya ba, yanzu ma mutum biyu take koya wa.

Abin da na koya shi ne, tura ma'aikaci koyo ba wuya, kowa na iya yi ya kuma yi alfahari. Wuyar tana ranar da ya dawo, lokacin da za ka matsa masa ya zauna, ka ga yana kuskure, ka kama bakinka. Ni har yau ban iya kama bakin ba. Shi ya sa duk ranar da wani zai gwada sabon abu a shagon, nake fita wajen wata mai shayi a bakin titi, kuma an umarce ta kada ta sallame ni sai an aiko.