Yadda Za Ka Kai Tsohuwarka Yawon Jirgin Ruwa A Cikin Mota

Ka zo inda ya dace. Ni ne Kuang Delin, mai gyaran fanka da tukunyar shinkafa ta lantarki a birnin Chongqing na ƙasar Sin. Sau ɗaya na taɓa hawa jirgin yawon kogin Yangtze, wato na fi duk mutanen layinmu sanin harkar. Bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbacin za ka kai mahaifiyarka kan ruwa ka dawo da ita, aljihunka bai ko yi tari ba.

Mataki na 1: Ka cika baki a gaban dangi

Jira walimar cikarta shekara tamanin. Dangi sun cika teburi uku, ka sha giya kofi biyu, sai ka miƙe ka ce duk abin da take so a duniya ta faɗa. Tawa ba ta nemi zinariya ba. Cewa ta yi tana so jirgi ya bi da ita ta kan Baiguo, ƙauyensu da ruwa ya shanye da aka datse kogin, don kabarin uwarta na can ƙasa, shekara ashirin ba a zuba masa ko ɗigon giya ba. Za a tafa maka. Yayarka Shufen, wadda ba ta taɓa yarda kana da amfani ba, za ta ɗauki bidiyo ta tura wa kowa. Daga nan ba ka da hanyar gudu.

Mataki na 2: Ka san tashoshinka

Uku ne. Akwai ta Chongqing, nan ƙasan gari, inda jirage ke tsaye kamar otal. In aka faɗa maka kuɗin sai ka ɗauka jirgin za a bar maka. Akwai ta Yichang, can nesa, inda jirage ke tasowa su hauro kogin zuwa nan. Ta fi sauƙi, amma sai ka kai tsohuwa a jirgin ƙasa tukuna, ribar ta tafi. Dukansu biyu suna bi ta kan Baiguo.

Ta ukun ita ce Wanzhou. Ba ta bi. Ita za ka zaɓa.

(Sirrin masana: kogin ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Wanda ya biya da yawa ma ruwa ya gani.)

Mataki na 3: Ka nemi ɗan kamasho mai ƙaramin ofis

In ofishin na da kujerar baƙi, fita, kai za ka biya kujerar. Nawa sunansa Lao Pu, yana zaune a wani lungu ƙarƙashin matakalar tasha, da fanka wadda ni na gyara ta. Ya bayyana min cewa bas za ta kwashe mu daga Chongqing ta sauke mu Wanzhou, a nan mu hau jirgi, kuɗin kuma rabi. Na ce masa ai Baiguo na tsakani, mota za ta wuce shi ta bayan duwatsu.

Ya tofar da ɓawon irin kabewa ya ce, "Ƙanena, garin da ke ƙarƙashin ruwa wa ya san inda yake? An kafa masa allo ne? In kun hau, nuna mata ko'ina. Matattu ba sa duba taswira."

A nan zuciyarka za ta ɗan sosa. Ka ba ta minti biyu, za ta daina.

Mataki na 4: Ka yi wa motar bayani

Tsohuwa za ta tambayi dalilin da ya sa jirgin ke da taya. Ka ce ruwa ya ja baya a tashar gari, jirgin na jiranku a gaba kaɗan. Kar ka fassara "kaɗan". Awa huɗu ce.

Za ta zauna rungume da jakarta: kwalbar giyar dawa, lemo uku, sandunan turare. Wata mata mai lasifika za ta yi ta tallar busasshen nama da man ciwon gwiwa. Hanyar kusan duk rami ce da aka huda cikin dutse, ku fita wannan ku faɗa wancan, tsohuwa na amai a leda. A tsakanin ramuka biyu kogin zai leƙo can ƙasa, da wani dutse mai kai biyu a gefensa. Za ka ga ta saki ledar ta manna goshi da gilashi har duhun rami na gaba ya rufe.

Duba wayarka. Abin da aka yi ta dominsa ke nan.

Mataki na 5: Ka yabi ɗakin

Ɗakinku a jirgin yana hawa na ƙasa, jikin injin. Ka ce girgizar na da kyau ga ƙashin baya. Abinci busasshiyar taliyar nan ce ta cikin kofi, ruwan zafi kyauta ne. Ka ɗauke ta hoto a saman jirgin tsakanin matan nan masu mayafan siliki da ke ɗaga hannu kamar za su tashi, ka tura wa Shufen kafin ta fara tambaya.

Mataki na 6: Ka zaɓi kwana mai kyau

Washegari da hantsi, in jirgi ya sha wata kwana mai faɗi, ka riƙo hannunta zuwa ƙarfen gefen jirgin, ka yi fuskar jimami, ka ce, "Mama, ga Baiguo nan."

Tawa ta dubi dutsen hagu, ta dubi na dama. Ta daɗe. Na fara ƙara gishiri, wai matuƙin jirgin da kansa ya tabbatar min.

"Auta, rufe bakinka," ta ce a hankali. "Shekara talatin ina shanya wanki ina kallon dutsen garinmu mai kai biyu. Jiya muka wuce shi, ina riƙe da leda."

Na jira zagi. Da ta zage ni, da na san inda zan sa kaina. Sai ta kunna turaren, ta saki lemon cikin kogin ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe kwalbar ta tsiyaye ta duka a ruwa.

"Duk wanda ke ƙasan nan, ya sha," ta ce. "Wataƙila shi ma 'ya'yansa ta mota suka wuce."

Sannan ta ce in ɗauke ta hoto a wurin, in tura wa Shufen in ce an isa. Ta yi murmushi a hoton, don kar yayata ta ci min mutunci. Wannan ne ya fi ƙona ni, ban kuma da matakin da zan ba ka a kansa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu fanka yake gyarawa. Bai ɗauki alhakin amai, ciwon baya, ko taliyar da ba ta nuna ba. Bai ɗauki alhakin uwar da za ta riƙa gaya wa maƙwabta ɗanta ya kai ta ta gaida kabarin kakarsa, tana yabonka kana tsaye ba. In kuma ka koma tashar Chongqing a bazara ta gaba ka sayi tikiti mai tsadar, da ɗaki mai taga, sai likita ya ce ƙafafunta ba za su sake sauka matakalar nan ba, kar ka zo shagona. Tikitin ba a mayarwa. Na tambaya.