Ranar da Surukina Ya Tarar da Ni Ina Aljana

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni ita. A shekarun nan ne da man fetur ya gagari talaka, hanya kuma ta gagari kowa. Ina koyar da Hausa da addini a wata sakandare a Safana, ina zaune da iyalina a gidan haya. Da can, ana saukowa daga Juma'a malamai ke watsewa, ni ma in hau babur in nufi garinmu Batsari. To da abubuwa suka taɓarɓare sai muka koma zaman zaure, ba hirar da muke yi sai ta wanda aka ɗauke da wanda aka sako.

Kafin in yi nisa, bari in gabatar muku da surukina, Malam Isiyaku na Wagini, mahaifin maiɗakina Hajara. Dattijo ne mai allo da buzu, wanda ko murmushi ba ya yi sai da dalili. Tun da ya ba ni 'yarsa nake tattalin girmana a gabansa. Bai taɓa ganina ba hula ba, bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba, dariyata kuwa ko a labari bai ji ba. A lokacin nan ba mu da buri ni da Hajara kamar ya bar ƙauye ya dawo wurinmu, domin duk ranar da aka ce an ji harbi ta wajensu, ba ta iya cin abinci sai wayarsa ta shiga. Na aika, na je da kaina na durƙusa, na ce ga ɗaki mun ware masa. Amsarsa ɗaya ce: “Sai na zo na ga irin zaman da kuke yi tukuna.” Bai kuwa sa rana ba.

Ana nan sai Malam Nasiru, malaminmu na lissafi, ya ba mu labarin wani wasa da ya gani a jami'a. Wai mutum ɗaya ne zai riƙe labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. Ya ce akwai mayaƙa, akwai matsafa, akwai macizai masu aman wuta. Na ce, “Haba Malam Nasiru, mu da muka gaji dodanni tun daga kakanni, sai mun je aro? Ku ba ni mako biyu.” (Girman kai ne ya yi wannan magana, bakina kawai ya ara.)

Na buɗe adakar marigayi mahaifina na kwaso tsofaffin littattafan hikaya na ajami, masu biranen ƙarƙashin ruwa da tsuntsun da inuwarsa ke rufe gari. Na tuno tatsuniyoyin kakata, da abin da tsofaffin maharba ke faɗi game da mazauna duwatsun yankinmu. Abin da na lura da shi a cikinsu duka shi ne, ba a ba mutum baiwa a banza, sai da sharaɗi. A kan wannan na gina wasan. Maharbi yana iya ɓacewa, amma in ya amsa gaisuwa ya bayyana. Maƙeri wuta ba ta cinsa, amma ba ya ƙetare rafi. Dajin labarin kuwa na ƙi ba shi sunan kowane daji da muka sani. So nake mu samu daji guda a duniya wanda abin tsoron cikinsa dodo ne kawai, wanda ake iya kayarwa da wayo.

Sai kuma tsoron Allah ya shigo cikin tsarin, kuma a nan na gina wa kaina rami. Na ce ɗan ludo ba zai shiga gidana ba, ya yi kama da kayan caca. Na samo ƙwallayen dabino biyar, na ɗiga wa kowane tawada a gefe guda: in uku suka faɗi da tawada a sama, an yi nasara. Takarda ta yi tsada, don haka taswirar daji sai na zuba rairayi a faranti, ina zana hanya da yatsa ina sharewa. Bayanin kowane ɗan wasa na rubuta shi da ajami, da alƙalamin kara, saboda hannuna ya fi faɗawa a nan (kuma, in faɗi gaskiya, ina son a yaba rubutuna). Don kada wani ya ga sirrin wani, na ninke kowace takarda ƙanana na ɗaure da zare. Wallahi ko sau ɗaya ban tsaya na dubi kayan nan a haɗe na tambayi kaina kamar kayan wa suke ba.

'Yan wasana uku ne: Malam Nasiru, da Malam Sani mataimakin shugaban makarantarmu, da maƙwabcina Ɗanladi mahauci, ƙato mai gemu har ƙirji. Saboda Ɗanladi daga kasuwa yake zuwa kai tsaye da ƙarnin nama a jikinsa, Hajara kan miƙo mana kaskon turare. Wasan ya karɓu fiye da zatona. Mutanen da suka manta yadda ake dariya sai ga su suna musu a kan ko kura tana cika alkawari.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Labari ya kawo su gindin wata tsamiya, gidan wata aljana da na ƙirƙiro, na sa mata suna Tsohuwar Tsamiya, wadda ta sace matar maharbi. Malam Sani ne maharbin. Don abin ya yi armashi na aro baƙin mayafin Hajara na lulluɓe kaina har fuska, na toshe hanci, tunda kowa ya san aljanun tatsuniya ta hanci suke magana.

Na ce, “Ɗan'adam! In kana son matarka ta dawo, ka kawo mini baƙin zakara da sabuwar ƙwarya kafin rana ta faɗi!”

Malam Sani ya durƙusa a gabana ya ce, “Ranki ya daɗe, a duba mini, zakara ya yi tsada bana. Ba a karɓar ƙwai?”

Na lalubi ƙwallayen dabino na girgiza na watsa a kan rairayi. Sai na ji zaure ya yi tsit. Ba na ganin komai ta cikin mayafin, don haka na ɗauka gwanintata ce ta kashe musu jiki. Na ƙara ƙaimi, na shiga sashen da na shirya na gaba, na juya kai ina shinshina iska.

“Ina jin ƙanshin baƙo! Wane ne tsaye a ƙofar gidana?”

Wata murya ta ce, a natse, “Ni ne, Isiyaku.”

Jama'a, na fizge mayafin, ya taho da hulata. Ga Baba tsaye a bakin zaure, ɗan acaɓa ya sauke masa rabin buhun wake a gefe. Ashe sau uku yana sallama. Malam Nasiru ya tuna yana da takardun jarrabawa da bai duba ba, ya sulale ta gefen buhun. Ni kuwa na zube a ƙasa.

“Baba, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya ƙarin haƙurinmu?”

Ya amsa kowace gaisuwa har ƙarshenta, bai rage ko ɗaya ba, idonsa na yawo daga rairayi zuwa ƙwallaye, daga hayaƙin turare zuwa takardun da ke ɗaure da zare. Sannan ya ce, “Malam, tun yaushe ka fara bugun ƙasa?”

“Baba, wallahi ba…”

“Shiga ka ce wa Hajara ta haɗa kayanta da na yara. Gara mu koma mu zauna cikin harbin Wagini da in bar jikokina cikin shirka.”

Mun yi niyyar fito da mutum ɗaya daga haɗari, ga shi zan tura biyar ciki. Na rantse, na kawo aya, na ce wasa ne. Ya ce, “Layun nan fa?” Na ce ya buɗe ya gani da idonsa. (Wannan ita ce hujjata mafi ƙarfi, kuma ita ta ƙarasa ni.)

Ya zauna a tabarma, ya kwance zaren ɗaya, ya nisantar da takardar daga idonsa, ya karanta da irin muryar da yake biya wa manyan ɗalibai karatu: “Ke Bafulatana ce mai tallar nono. Kina jin maganar shanu. Kyakkyawa ce ke, amma duk ranar da kika yi dariya baiwarki ta tafi.” Ya ɗaga kai. “Wannan ta wace ce?”

Ɗanladi ya ɗaga hannu a hankali, gemu na rawa. “Tawa ce, Baba.”

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ɗauko babbar takardar da ke gabana, wadda nake rubuta wa kaina abin da zan yi. Ya bi ta da yatsa har ya iso wani layi: “A nan sai in toshe hanci in yi kukan tsohuwa sau uku.” Ya ajiye takardar.

“Yi in ji.”

“Baba…”

“Ka ce wasa ne. Yi in tabbatar.”

Na dubi Malam Sani, ya sunkuyar da kai. Na tuna Hajara da yara a bayan babur sun nufi Wagini. Sai ni, malamin addini, mai furfura a gemu, kai ba hula, na kama hancina a gaban surukina na yi kukan tsohuwa. Sau uku, kamar yadda na rubuta. A na biyu na ji wata irin shessheƙa a bayan ƙofar cikin gida, na kuwa san ba kuka Hajara take yi ba.

Baba ya ja carbinsa. Can ya ce, “Da boka ne kai, da na san abin da zan faɗa wa mutanen Wagini. Wannan kuwa ba ni da sunansa. Tatsuniya da rana tsaka!” Ya ɗaga murya. “Hajara!”

Ta fito ta durƙusa, tana goge ido da gefen zane.

“'Ya'yanki nawa?”

“Huɗu, Baba.”

“Biyar ne. Gidan nan ba babba a cikinsa. A share mini ɗakin da kuka ce.”

Mako bai zagayo ba ya tare, da buzunsa da akuyoyinsa biyu. Har yau yana tare da mu, lafiya lau, kuma duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya ji dalilin zuwansa Safana, dalla-dalla, wani lokaci ina zaune a wurin.

Wasan bai mutu ba, sai dai yanzu da biro nake rubuta shi, a buɗe, da manyan haruffan boko. In kuwa akwai mai niyyar tsara irinsa, ga abin da na koya, na ba shi kyauta: kada ka tsaya ga tambayar ko kowane kaya halal ne shi kaɗai, ka jera su wuri guda ka dube su da idon wanda zai shigo a tsakiyar zance. Sannan komai daɗin labari, mai riƙe shi ya zauna yana fuskantar ƙofa, fuskarsa a buɗe.