Jerin Tarakta da Na Kulle da Hannuna

Na zauna Maraɗi, na zauna Khartum, ina jin harsuna huɗu, don haka da na koyi rubuta manhaja bayan ritaya, na ɗauke ta harshe na biyar kawai.

Ƙungiyarmu ta manoma a Ƙauran Namoda tarakta ɗaya gare ta, kuma duk damina rigima ake kan wa za a fara yi wa huɗa. Na miƙe a taro na ce zan haɗa jerin sunaye irin wanda in an ƙirƙira shi, manhajar ba ta yarda a ƙara ko a goge. A layi ɗaya na gama. Har na rantse ko surukina na Zurmi ya zo neman alfarma, ba zan sake wani ba.

Ruwa ya sauka, tarakta ta bi gonaki, ta wuce tawa. Na duba jerin. Kowa na ciki, har mai rabin eka a hanyar Shinkafi, ban da ni.

Na sami shugabanmu, Malam Sani, na ce minti ɗaya ya isa in haɗa sabo.

"Alhaji, ba kai ka rantse ba? Wanga abu ba a taɓa shi, in ji masani."

Da shanun aro na yi huɗa, geron ya fito a makare.

Har yau in na shiga majalisa sai wani ya ce, "Ku matsa wa Alhaji, ko da yake ba ya cikin jeri."