Rasuwar 'Yar Akwatin Canjina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka ga abin da ba su so ba, ni Lowell Pruitt, mai gugguru a kasuwar Asabar ta Toledo, nake sanar da rasuwar 'yar akwatin canjina ta ƙarfe, wadda na ɗaura a ƙugu shekara ashirin da shida.

Marigayiyar mai tsari ce. Bututu huɗu gare ta, kowane kwabo da ɗakinsa. In na danna ta da babban yatsa sai ta ce "ƙyas", canji ya faɗo tafin hannu. Ba ta taɓa barina ina laluben aljihu a gaban mutane ba.

Ajalinta ya zo Asabar da ta wuce. Wani ya haɗa mini da kwabon bogi irin na wurin wankin mota, ya maƙale mata a maƙogwaro. Na zura tsinke, na ɗiga mai, na buga ta da gefen tebur. Sai ta amayar da cikinta kaf, kwabbai suka gangara ƙarƙashin motoci.

Ina rarrafe ina tsinta, masu sayena suka koma wajen Dwayne, wanda bara-bara ya fara gugguru, da 'yar farar na'urarsa mai karɓar katin banki.

Ya leƙo ya ce, "Dattijo, bar su mana! Ko yara sun daina tsintar waɗannan."

Ni ba hassada nake ba. Na dai lura wandonsa ba ya zamewa don nauyi, yatsunsa ba sa ƙarnin ƙarfe, guggurunsa gishiri zalla, amma layinsa har bakin titi. Da na ɗago, sai ga matata Bernadette a cikin layin.

Ta ce, "Haba Lowell, kati kaɗai na fito da shi, jikoki kuma sai kuka suke."

Marigayiyar ta bar ɗamarar fata ɗaya, da kwalba uku na jajayen kwabban da ba mai so, da aljihu biyu masu huji, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, a aljihun teburin garejina. Masu ta'aziyya su zo da canjinsu daidai. Dwayne ya aiko cewa zai halarta, zai ma nuna mini inda ake sayar da irin na'urar tasa. Na ce a gaya masa ya bari a share makoki tukuna.