Ragon Layya a Cikin Kwamfutata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je burge maɗorin Gwale ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, ina digiri na biyu a fannin ƙididdiga. Aikina shi ne in tara awon ƙashin cinyar mutane da yawa, kwamfuta ta fitar da matsakaiciyar siffarsa, don ta taimaki likita wajen tiyata. Ina kuma neman auren Hadiza, 'yar wannan maɗorin, wanda ya ce ba zai ba da 'yarsa ba sai ya ga sana'ata da idonsa.

Na aro kwamfutar malaminmu da nake aikin da ita, na zuba babbar riga (ita ma aro ce), na iske zaurensa cike da dattawa bayan la'asar. Maimakon in gaisa in kama bakina, sai na ce, "Baba, nan gaba kaɗan wannan na'urar za ta hutar da ku lalube." Lalube fa! Ga mutumin da ya tsufa yana ɗori.

Na dinga juya hoton ƙashin gaba da baya. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Malam, ƙashin wane ne wannan?"

"Na kowa da kowa ne, Baba. Matsakaicin ɗan Adam ke nan."

"To, ɗan Adam ɗin nan naka da ƙafa huɗu yake tafiya. Dubi gajartarsa. Akwai rago a ciki."

Nan take na tuna. Bayan layya na gwada aikin da ƙasusuwan ragunan gidanmu, na manta ban goge awonsu ba, kwamfuta ta cakuɗa su da na mutane. Na'urar banza! Wata uku muna tare ba ta ce min uffan ba. Malaminmu ma, da duk digirorinsa, ya duba ya ce ya yi kyau. Dattawan nan kuwa dariya har da riƙe ciki, babu wanda ya tausaya min.

Ya dai ba ni Hadiza, bisa sharaɗin kada in kusanci ƙafar kowa a zuri'arsa. Na koyi cewa kafin ka yi wa mai sana'a burga, ka fara fitar da ragunanka. Shi kuwa bai yafe ba: duk Babbar Salla sai ya aiko min da ƙashin cinya, an sharce naman tas, wai ga kayan aiki.