Kabad ɗin Madina Ya Bar Bango

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Atiku ɗan Malam Tambari na Gwandu, mazaunin Kalgo a yanzu, a madadin kaina da 'ya'yana Basharu da Hussaina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gwandu da Kambaza da Dalijan da Wurogauri rasuwar kabad ɗin gidanmu, wanda yara ke kira Mai Gilashi. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, cikin bazarar wannan shekara ta 1977, bayan doguwar jinya da ya yi a gaban idonmu ba tare da mun gane jinya ce ba. Ya faɗo daga bango ta fuska, bai sake tashi ba.

An haifi marigayin a rumfar wani kafinta a Birnin Kebbi, daga katakon maɗaci, shekarar da aka kawo mini Madina, uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta. Mahaifinta ne ya sa aka yi shi. A kan jaki aka kawo shi Gwandu, naɗe cikin tabarmi, ya iso gilashinsa ko tsagewa bai yi ba. A lokacin babu ɗakin da ke da irinsa a unguwarmu, mata kan shigo da sunan gaida amarya, amma ido na kan bango. Ba shi da ƙafafu, a bango ya yi rayuwarsa duka, domin Madina ta ce ba za ta ajiye wa gara abinci a ƙasa ba.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da haƙuri da riƙon amana. Ya ɗauki jeren Madina, langa da farantan tangaran da kofunan shayi, bai taɓa cewa ya gaji ba. Ya ɓoye sukari daga yara, ya kuma ɓoye shi daga ubansu. Aibinsa ɗaya ne, idan ma aibi ne: ƙofarsa ta hagu tana da baki. In an buɗe ta ce ƙiiii, in an rufe ta ce ƙas. Sau da yawa na zo da mai zan ɗiga wa hinjin, ƙarfen nan da ƙofa ke juyawa a kansa, Madina ta hana, wai shi ne mai gadinta, duk wanda ya taɓa sukari zai kai mata ƙara.

Kullum in na dawo daga sallar asuba, tun daga zaure nake jin ƙiiii, in san ta ɗauko kofina. Da Allah ya karɓi abarsa, Hussaina ta gaji wannan aiki. Ni kuma na koyi dakatawa a zaure kafin in shiga, domin tsakanin ƙiiii da ƙas akwai ɗan lokacin da ban riga na san hannun wa ya buɗe ba. Da wannan ɗan lokaci nake rayuwa tun rasuwarta, ba na kuma jin kunyar faɗa.

A Gwandu marigayin bai taɓa ko ciwon kai ba. Bangon ƙasa ne, an dasa masa fegi biyu na itacen ƙirya, kowane kaurin damtse, tun ginin yana ɗanye. In damina ta sa sun ɗan yi motsi, sai a kwaɓa ƙasa a liƙe gindinsu, da ta bushe sun koma daram.

Ciwon ajali ya samo asali ne bara, da Basharu ya gina gidan bulo da siminti a Kalgo, ya ce lokaci ya yi da zan huta da yaɓe. Tsofaffin fegin sun ƙi rabuwa da bangonsu, muka baro su a can. A sabon gida aka ɗauki guduma da ƙatuwar ƙusa aka shiga huda bulo. Ya yi taurin kai, ya yi taurin kai, sai kawai ya buɗe, ashe cikinsa holoƙo ne. Rami ya fito zai ci yatsa biyu, fegin da aka fere daga ɗanyen reshen darbejiya kuwa bai wuce yatsa ɗaya ba. Lawali ƙanen Madina ya dubi ramin ya ce, "Mi a abin damuwa? Ku kwaɓo ƙasa a liƙe, hakanga munka saba." Babu wanda ya musa, domin dukkanmu 'ya'yan ginin ƙasa ne. Aka liƙe, aka ɗaure kabad da gajerun sukuru da aka samu cikin wani gwangwanin madara, aka jijjiga shi bai motsa ba, aka yi addu'a aka watse.

Ya wuce damina lafiya, itace na cike da ruwa. Da zafi ya kama sai alamu suka fara. Kowace safiya a ga jar ƙasa ta zubo a gindin bango, mu ɗora wa gara laifi, a barbaɗa toka. Sai kansa ya ɗan rabu da bango, har tsaka ta sami wurin kwana, muka ce tsufa ne, kowa ma yana ranƙwafawa. Daga nan ƙofar hagu ta fara buɗe kanta. Ana zaune a tsakar gida, babu kowa a ɗaki, sai a ji ƙiiii. Ranar farko Hussaina ta ajiye tsintsiya ta dube ni, ta ce, "Baba, ka ji Inna na biɗar kofi." Muka yi dariya, dariyar da ta ƙare kowa yana share ido. Duk gidan mun ji wannan kuka, duk gidan muna son sa, ashe nauyi ne ke rinjayar sa gaba, yana neman a taimake shi.

Ranar Talata ƙiiii ɗin ya yi tsawo fiye da kullum, ba a kuma ji ƙas ba. Abin da ya biyo baya maƙwabta sun ji shi. Mun gode Allah Hussaina ta fita ɗebo ruwa, babu ran da ya salwanta.

Da muka duba gawar, sai ga fegin nan biyu maƙale a bayansa, sun bushe sun tsuke kamar asuwaki, ƙasar da aka liƙa ta koma gari. Ƙasa ba ta kama siminti. Don Allah duk mai shirin komawa gidan bulo ya ji wannan daga bakin wanda aka yi wa rasuwa: fegi ya zama busasshe, ya cika raminsa har sai da guduma zai shiga, amma kada kaurinsa ya kai ya fasa bulon. A huda inda bulon ke da tauri har ciki, ba kan holoƙo ba. Sukuru ya yi tsawon da zai ratsa katako ya nutse cikin fegi sosai, kuma gwargwadon nauyin kaya, gwargwadon kaurin fegi da zurfin rami.

Marigayin ya rasu tare da dukkan tangaran da kofina. Ya bar langa uku da suka lotsa, da aljihunsa ɗaya na katako, da ramuka biyu a bango, da ƙofar hagu wadda ta fita da hinjinta lafiya. Wannan ƙofa na ɗauke na jingine a ɗakina, zuciyata ta ɗan yi sanyi. Jiya ina masallaci, Basharu, yaron kirki da ba ya son ganin ubansa cikin damuwa, ya ɗauke ta ya kankare tsatsar, ya shafe ta da man keke, ya kafa mini ita a taga. Ya tare ni da murna ya ce, "Baba, na gyara maka ita, ba ta ƙara kuka." Na sa masa albarka. Da ya fita na buɗe ta, na rufe, na sake buɗewa. Shiru.

Liman ya ce ba a yi wa katako salla, na kuma yarda. Za a binne gilashin da fasassun tangaran a bayan gida ranar Alhamis bayan la'asar, da zurfi, saboda ƙafafun yara. Katakon ba za a sa shi a murhu ba, za a yi benci da shi a kai ƙofar masallacin unguwarmu ta Gwandu, ladan ya je ga Madina. Ana karɓar gaisuwa a gidan Basharu da ke Kalgo, za a ba da shayi a kofunan aro. Ana roƙon jama'a kada kowa ya kawo sabon kabad. Wanda ya zo da sassafe zai same ni a zaure, kada ya ce in shiga ciki. Har yanzu nakan ɗan dakata a can bayan sallar asuba, ina saurare.