Ranar da Aka Raka Alhaji Moutari Dutsen Galibier

Duk wanda ya zauna Saint-Fons, can gefen birnin Lyon, a shekarun tamanin bai san Alhaji Moutari ba, to wucewa ya yi, bai zauna ba. Allah ya ba Alhaji kanti a tsakiyar Lyon, inda yake sayar da atamfa da turare da tukwanen ƙarfe. Ya ba shi tumbi mai riga shi shiga ɗaki. Ya ba shi murya wadda in ya yi hamma a bene na huɗu, ana amsa masa daga wurin ajiye motoci. Da baiwar ta ƙi ƙarewa, sai kuma ya ba shi keke.

Ba irin keken da talaka ke hawa zuwa aikin masana'anta ba. Keken tsere ne, ja wur, tayarsa siririya kamar tsinken tsire, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. A falo yake kwana, lulluɓe da zanen gado, kuma baƙo ba ya samun shayi sai an yaye masa zanen ya ce masha Allahu.

Kowace shekara in zafi ya shigo, Alhaji kan rufe kanti ya tafi hawan duwatsun Alpes. Ya dawo da hoto: ga shi tsaye gindin allo mai sunan mashigin dutse, keke a hannu, goshi na sheƙi. Maƙwabta suka laƙaba masa Sarkin Hawa. Shi ya ɗauka sarauta ce, har yana ɗaga hannu in an faɗa.

"Ku ba ku san Faransa ba," in ji shi, duk sanda ya samu mutum biyu a tsaye. "Kun san wurin aiki, kun san bakin titi, kun san layin karɓar takarda. Faransa tana sama, inda gajimare ke shafar kunnen mutum. Can Bature ke cire hula in ya gan ni. Hawa ba ƙarfi ba ne, ilimi ne."

Ilimi ne kam. Ilimin shi ne mutum ya shiga jirgin ƙasa har gindin dutse, ya yi shatar taksi, a cusa keke a but ɗin motar, in an kusa kaiwa ya sauka, ya kwara wa kansa ruwa, ya roƙi wani ɗan yawon buɗe ido ya ɗauke shi hoto. Wannan babin Alhaji bai taɓa karanta wa kowa shi ba. Abin da maƙwabta suka lura da shi kawai, tayar keken har yanzu da ɗan gashin robarta na kanti.

A shekarar tamanin da shida ƙungiyar 'yan Nijar mazauna Lyon ta tashi zaɓen shugaba. Kujerar nan ta hana Alhaji barci. Shugaba shi ke zama gaba ranar suna, shi ke tarbar baƙi daga gida, shi ake kira Perzidan. Abokin takararsa wani Youssouf ne, ma'aikacin masana'antar sinadari, mutumin da sai ka tambaye shi sau biyu kafin ka ji muryarsa. Don a gama magana, Alhaji ya miƙe a taro ya sanar cewa ranar Lahadi kafin zaɓe zai hau Galibier, uban duwatsu, da sunan ƙungiya.

Nan Ɗan Juma ya tashi. Ɗan Juma maƙwabcin Alhaji ne ƙofa da ƙofa, kuma shi ya fara lura da gashin taya.

"Haba jama'a," ya ce, har da share ido. "Babban mutum kamar wannan, shekara da shekaru yana tafiya shi kaɗai kamar wanda ba shi da dangi? Abin kunya ne gare mu. Bana sai mun raka shi."

Aka ce sai an raka shi. Alhaji ya yi murmushi irin na wanda ya taka ƙusa gaban baƙi. Ana ƙin abinci, ana ƙin kyauta, amma wa ya taɓa cewa kada a raka shi? Ya lallashi kansa cewa rakiya ai iyakarta tashar jirgi. Sai ya iso gida ya tarar matarsa, Hajiya Raliatou, don murna ta riga ta buga wa mahaifinta waya.

Malam Hudu ke nan, dattijon Bobigny, can gefen Paris. Rabin mutanen ƙungiyar a falonsa suka fara kwana ranar da suka sauka Faransa, don haka wanda ya nuna da haɓa shi ake zaɓa. Tsohon ya ce zai zo ya ga abin da surukinsa ke yi da idonsa.

Ranar Lahadi da hantsi jerin motoci ya tsaya a Valloire, garin da ke gindin dutsen. Aka sauke keke. A jakar Alhaji akwai ɗan wandon nan na masu tsere, mai kama jiki kamar fatar tsiran alade. Ya dubi wandon, ya dubi Malam Hudu da ke zaune kujerar gaba ta motar Pijo da carbi. Mutum ya nuna wa surukinsa cinya? Ya mayar da wandon. Da babbar rigar shadda ya hau, hula a kai, takalmi ɗaure a feda da ɗan maɗaurin fata.

Farkon tafiya abin ya yi kyau. Iska ta cika rigar, Alhaji ya zama kamar tantin biki da aka ɗora wa taya. Dama da hagu ciyawa shar, ga furanni, ga ruwa na gangarowa daga ƙanƙara, ga shanu da ƙararrawa a wuya. Motoci na biye da shi a hankali, Ɗan Juma ya zuro kai ta taga yana kirari: "Sarkin Hawa! Na Raliatou, mai taka gajimare!"

Sai hanya ta miƙe tsaye.

A kwanar farko Malam Hudu, mutum mai tausayi, ya sauke gilashi. "Sannu, Alhaji."

To, suruki ba ya yi maka magana kana bisa abin hawa ka amsa daga can sama kamar ɗan sanda. Alhaji ya ja birki, ya kwance maɗaurin ƙafa, ya sauka, ya durƙusa kan kwalta.

"Yawwa, Baba."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Madalla. Allah shi taimaka."

Ya tashi. Wanda bai taɓa tayar da keke a tsakiyar hawa da tumbi da babbar riga ba, bai san abin da ake kira aiki ba. Keken ya yi dama, ya yi hagu, ya yi tunanin komawa Valloire, sannan da ƙyar ya yarda. Aka kai kwana ta gaba. Gilashi ya sauka.

"Sannu, Alhaji."

Galibier kuwa Allah bai yi masa rowar kwana ba. Kowace kwana da sannunta, kowace sannu da durƙusonta, kuma kowane durƙuso sai Alhaji ya shaida da bakinsa cewa babu gajiya, alhali harshensa ya kusa taɓa aljihu. Motocin Faransawa suka yi layi a baya suna matsa oda. Wata tsohuwa mai furfura ta wuce bisa kekenta, ta ga mutum durƙushe gaban mota, ta tambaya ko a kira likita. Shanu ma suka bar kiwo suka zo bakin hanya.

Ga gorar ruwa maƙale a jikin keke, ga dabino a aljihu. Amma mutum ya ɗaga kai yana kwankwaɗa, ko yana tauna, suruki na kallo ta gilashi? Alhaji ya dubi gorar kamar yadda mai azumi ke duban agogo. Malam ya miƙo masa furar da Hajiya ta dama. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ƙoshi, Baba." Ɗan Juma ya karɓa ya shanye a madadinsa, har da gyatsa.

Inda itatuwa suka ƙare, duwatsu tsirara suka fara, nan ƙafafun Sarkin Hawa suka ajiye aiki ba tare da sanarwa ba. Keke ya kwanta gefe guda, Alhaji ya kwanta ɗaya gefen, rigar ta rufe shi ruf. Jama'a suka fito da salati. Daga ƙarƙashin shadda wata murya ta fito, guntu-guntu.

"Kada kowa ya taɓa ni. Tsari ne. Nan... ƙwararru ke tsayawa... su kalli yanayi. Bature na kiransa... panorama."

Fuskarsa kuwa a cikin ciyawa take.

Malam Hudu ya ce, "Alhaji, shiga mota." Umurnin suruki ba a musunsa. Alhaji ya nuna alamar ransa bai so ba, amma ya riga mai buɗe ƙofa isa. Da yake ba ya zama kujera ɗaya da Baba, a bayan motar kaya aka sa shi, tsakanin tukunyar shinkafa da tabarmi. Can, da ya tabbata babu mai ganinsa, ya gaisa da shinkafar hannu biyu.

Aka iso ƙoli. Sanyi ya mari kowa. Ga ƙanƙara jibge a gefen hanya tsakiyar watan Yuli, ga kawunan duwatsu jere har iyakar gani, ga allo. Alhaji, da shinkafa ta dawo masa da murya, ya fito ya gyara hula ya buɗe hannuwa.

"Baba, jama'a, ga Faransar da nake faɗa muku!"

Malam Hudu ya ƙudundune cikin bargo. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya leƙa bayan allon.

"Ina garin?"

"Babu gari, Baba."

"Kasuwa fa? Wace rana take ci?"

"Babu kasuwa."

"To wa kake zuwa gaisarwa nan kowace shekara?"

"Ba kowa, Baba. Hawan ne abin."

"In ka hau, sai mi?"

Alhaji ya yi ɗan tari. "Sai in juya."

Tsohon ya gyara bargonsa. Sannan ya koma mota ya ɗaga gilashi, kuma har aka sauka bai ƙara cewa sannu ba.

Ranar zaɓe aka roƙi Malam Hudu ya yi wa taro albarka. Ya ce shi dai bai taɓa ganin suruki mai ladabi kamar Alhaji Moutari ba, Allah ya saka masa. Alhaji ya fara kumbura. Sai tsohon ya ƙara da cewa, amma shi a saninsa, jama'a ba a damƙa ta ga mutumin da zai kai ta inda ba kowa, sannan ya ce a juya.

A tsaye Alhaji ya saurari wannan, don tun ranar Lahadi sirdin keke bai bar masa wurin zama ba. Aka ce masu son Youssouf su ɗaga hannu, ɗaki ya cika da hannuwa. Aka ce masu son Sarkin Hawa. Hannu biyu suka tashi, kuma duka nasa ne.